Fomeka Ba Ita Ce Mai Laifi Ba: Martani Ga Malamin Da Ya Yanke Mata Hukunci

Na karanta maƙalar da wani malami daga cikin marubutanmu ya fitar kwanan baya a kan gyaran gidaje, inda ya ɗora alhakin lalacewar kayan ɗakin matanmu da na kicin ɗinsu a wuyan fomeka, ya kira ta rigar aro, ya ce duk magidancin da ya yarda kafinta ya lulluɓe masa kwaba ko sif da ita ya sayi ƙarya da kuɗinsa, kana ya rufe da kiran jama'a su koma ga katako zalla, irin su maɗaci da doka, waɗanda a cewarsa su iyayenmu suka sani. Da yake ya ambaci ƙasarmu ta Ikara da Maƙarfi da Kudan da suna, ya kuma ce a nan abin ya fi ƙamari, domin kowace kaka, da zarar manomi ya sayar da masara ko ya kai rake kasuwar Laraba ta Maƙarfi, sai a ga a-kori-kura tana shiga ƙauyuka da kayan fomeka, na ga ya wajaba wani daga cikinmu ya amsa masa. Ba raina iliminsa ya sa ni ba. Mas'alar ce ta shafi dukiyar talakawa, kuma fatawar da aka gina a kan dalili mai rauni, ko da mai ita ya nufi alheri, takan jawo asarar da ta fi wadda ake gudu.

Zan fara da abin da muka yi ittifaƙi a kansa, domin adalci ya hukunta haka. Abin da Malam ya gani da idonsa gaskiya ne, babu mai musu. Duk wanda ya shiga ɗakunan amaren da aka kai shekara biyu ko uku da suka wuce, a Paki ne ko a Gazara ko a Likoro, zai tarar da sif wadda gindinta ya kumbura ya yi taushi, da ƙofar kwaba da ta saki ta rataye da hinji ɗaya, da fomekar da ta ɗago daga kusurwa har yara sun sami abin ɓarewa. Zai kuma ji takaicin uban da ya sayar da amfanin gonar shekara guda, wani ma har da bijimin huɗa, don ya fita kunyar 'yarsa. Inda muka rabu shi ne wajen gano illa. Malaman usulu sun karantar da mu cewa hukunci tare yake tafiya da illarsa, kuma ba duk sifar da aka samu a wurin ɓarna ba ce ta haifar da ɓarnar. Malam ya ga fomeka a kan kowane kaya da ya lalace, sai ya ɗauka ita ta lalata shi, alhali da ya ƙara haƙuri ya sa farce ya ɗaga ta, da ya same ta lafiya lau da launinta da taurinta, abin da ke ƙarƙashinta ne ya ruɓe. Misalinsa a nan misalin wanda ya ga ginin da aka kafa a fadama ya tsage, ya kama zagin farar ƙasar da aka shafa masa.

Ita dai wannan aba da muke kira fomeka, ko wane kamfani ne ya yi ta, asalinta takarda ce. Akan jiƙa fallayen takarda mai kauri a cikin wani irin ƙaro na sinadari, a jera su bisa juna, a ɗora wata takardar mai zane a sama, ko zanen jijiyar itace ko na dutse ko launi guda, ita ma an jiƙa ta da wani ƙaron da ake kira melamin, sa'an nan a danne su duka da injin matsi mai tsananin zafi har su haɗe su zama falle ɗaya. Wasu injiniyoyi biyu na Amurka, Daniel O'Conor da Herbert Faber, su suka kafa kamfanin Formica a birnin Cincinnati cikin 1913, kuma farkon aikinta kare kayan lantarki ne. Daga baya ta soma hawa kan tebura da kantoci, a ƙarshen shekarun 1930 aka shigo da melamin, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuwa ta cika gidajen Amurka da Turai. Ruwa ba ya ratsa fuskarta, manja da jan tumatir ba sa kama ta matuƙar an goge da wuri. Amma kaurinta galibi bai wuce milimita 1 ba, abin da bai wuce haka ba kuwa ba shi ke ɗaukar nauyin tukwane da turamen atamfa ba. Mai ɗaukar nauyi shi ne allon da aka liƙa ta a kai, wanda kaurinsa yakan kai milimita 15 zuwa 18, kuma shi ne Malam bai ce komai a kansa ba.

Alluna iri uku ke yawo a kasuwannin da kafintocinmu ke saro kaya, daga 'Yan Katako na Sabon Garin Zariya har Na'ibawa da Ƙofar Ruwa a Kano, dukansu girmansu ɗaya, ƙafa 4 a ƙafa 8, kuma da zarar an rufe su babu mai iya bambance su da ido. Na farko filawud, wanda ake yi da siraran fallayen itace na haƙiƙa, ana gicciya jijiyar kowane falle a kan na ƙasansa, shi ya sa ba ya saurin lanƙwasa, yana kuma riƙe sukuru. Akwai irinsa da ake haɗawa da gam mai jure ruwa, wanda kafintoci ke kira marin. Na biyu MDF, da ɗan'uwansa HDF da ya fi shi matsewa, waɗanda ake yi da zaren itace da aka niƙe aka cuɗa da gam aka danne. Fuskarsu sumul take, fomeka na zama a kanta da kyau, amma in ruwa ya sami ƙofa ta baki ko ta gindi sai su sha su kumbura, kuma ba sa komawa yadda suke ko sun bushe. Na uku shi ne wanda aka haɗa da ɓarɓashin katako, mafi arha, mafi rauni, wanda in sukurun hinji ya kwance a jikinsa sau ɗaya to ba ya sake kamawa. Akwai kuma wata ƙaramar fitina, wato allon da ke zuwa daga masana'anta da wata siririyar takarda ko leda mai ƙyalli a fuskarsa, wadda farce ma yana iya kartarta, mu kuma duka muna kiransu fomeka. Galibin kayan da Malam ya gani sun mutu, daga na uku ne ko daga wannan.

Yanzu ga hujjarsa ta gado. Malam ya ce mu koma ga abin da iyayenmu suka sani, ni kuwa ina tambaya, da ladabi, waɗanne iyayen? Kakanninmu mata ba su san sif ba, ba su san kwaba ba. Tufafinsu a adudu suke ko a lefe, daga baya a adaka. Jerensu na ƙorai ne da akusa, bayansu tasoshi da kwanukan sha. Abin da suke tsoron gara ko ɓera su taɓa kuwa sai su ɗora a ragaya su rataye a azara. Masassaƙinmu na gargajiya da gatari da gizago yake aiki, daga kututture guda yake fitar da turmi da akushi da kujera 'yar tsugunno da allon karatu. Aikin falanki da zarto da kusa baƙo ne, ya yawaita ne a zamanin Turawa, tare da ma'aikatar ayyuka da layin dogon da ya isa Kano a 1911 ya ratsa ta Likoro da Gimi. Saboda haka sif ɗin maɗaci da Malam yake begenta, tsakaninta da gadon fomekar da aka riƙa kai wa amare a shekarun 1980, tazarar ba ta wuce ta uba da ɗa ba. Duka biyun baƙi ne da muka karɓa don sun yi mana amfani, kuma da ma'aunin amfani ya kamata a auna su.

To, a ce mun karɓi shawararsa, ina katakon yake? Wannan ita ce tambayar da na so a ce Malam ya yi wa kansa tun kafin ya ɗauki alƙalami. Maɗacin da ya rage a ƙasarmu mafi yawansa na inuwa ne a bakin hanya da ƙofar gidajen sarauta, kuma shi ma masu neman magani sun saɓe ɓawonsa. Dajin doka kuwa gona da itacen girki da gawayi sun ci mafi yawansa. Madobiya, wadda ita ce sarauniyar katakon ƙasar nan wajen kyau, an yi ta kwasarta ana kaiwa ƙasar Sin har sai da taron ƙasashen duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wanda aka yi a Johannesburg cikin 2016, ya sa ta a jerin waɗanda aka taƙaita cinikinsu. Da a ce kowane gidan da ake gyarawa daga Auchan zuwa Hunkuyi zai nemi sif da kabad na maɗaci zalla, da ba a yi damina biyar ba sai an rasa inuwar da za a zauna a yi wannan muhawara. Shari'ar da ta hana almubazzaranci da kuɗi, ita ce dai ta hana ɓarna a bayan ƙasa.

Abin da talaka zai samu a zahiri, in ya je 'Yan Katako da kuɗin da ke hannunsa, shi ne malaina ko wani farin katako mai taushi daga kudu, kuma sau da yawa ɗanye, an yanke shi makonni kaɗan da suka wuce. A nan ne yanayin ƙasarmu yake yanke nasa hukuncin. Muna samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukansa tsakanin Mayu da Oktoba, har iska ta cika da laima a lokacin marka. Sa'an nan hunturu ya zo da bushewar da ke tsaga leɓe da dunduniya. Katako kuwa, ko bayan an sare shi, bai daina shan laima da fitar da ita ba, yana kumbura yana tsukewa ta faɗinsa. Ƙofar da aka yi da ɗanyen falanki a watan Satumba, kafin Janairu ta tsage ko ta murɗe ta bar kafar da ƙura da kyankyaso za su bi, in damina ta dawo kuma ta cije ta ƙi rufuwa. Filawud mai kyau da aka rufe fuskarsa da bayansa ba ya wannan rawa sai kaɗan. Ban ce busasshen katako na ƙwarai bai fi komai daɗewa ba. Ya fi, kuma mai halin sayensa ya saya, Allah ya sa albarka. Cewa na yi shawarar da mutum ɗaya cikin jama'a masu yawa zai iya bi ba ta isa a mai da ita hukuncin kowa ba.

Hujjarsa mafi nauyi, wadda ta fi cancantar a tsaya a kanta, ita ce ta fiƙihu: cewa fomeka algus ce, tun da tana nuna fuskar itacen da ba shi ba ne. Allah ya gafarta Malam, a nan ƙiyasin bai zauna ba. Algus da tadalisi, yadda muka karanta a babin ciniki na Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda duk almajirin zaure a ƙasar Zazzau ya bi ta kanta, suna tabbata ne in mai sayarwa ya ɓoye wa mai saye abin da, da ya san shi, da ya fasa ko ya rage farashi. Babu wata uwar amarya a Kudan da ta taɓa zaton fomekar da ke jikin sif ɗin 'yarta itace ce. Ta san ta, da sunanta ta neme ta, ita ta zaɓi launin. Abin da yake bayyananne ga kowa ba ya zama yaudara. Amma fa tadalisin yana nan, Malam ya kusa kama shi ya sake shi: yana wajen kafintan da aka yi ciniki da shi a kan filawud ya sa allon ɓarɓashi, ko ya sa mai kauri a ƙofofi inda hannu ke taɓawa ya sa siriri a ciki, ko ya bar gindi da baya tsirara don ya san ba mai leƙawa. Wannan shi ne aibin da mazhabarmu ta ba mai saye zaɓi a kansa, ko ya riƙe ko ya mayar. Mu ma masu saye muna da namu kason, domin cinikin abin da za a ƙera ba ya inganta sai an siffanta shi siffar da ke kau da jahilci, mu kuwa iyakar abin da muke yi shi ne mu nuna hoto a waya mu ce a yi mana irin wannan.

Ba na ɗora laifin duka a kan kafintoci, gama su ma matsi suke ciki. Galibin waɗannan alluna da fomekar kanta daga waje ake shigo da su. A watan Yuni na 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sa filawud da allunan garin katako cikin jerin kaya 41 da ya hana wa kuɗin musaya na hukuma, ba a ɗage ba sai Oktoba na 2023. A tsakiyar 2023 kuma aka saki naira, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 cikin 2024. Magidanci yana zuwa da farashin bara a kansa, kafinta yana tsoron in ya faɗi gaskiya aikin ya koma shagon maƙwabci, sai ya karɓa ya rage a inda ido ba ya kai wa. Uzuri ne da ake iya fahimta, ko da yake ba ya halatta ha'inci.

Da Malam ya bi ta wannan hanya, da ya amfanar da mai gyaran gida da abin da zai riƙe. Da ya gaya masa cewa kicin da ɗakin kwana ba hukuncinsu ɗaya ba. Sif tana zaune a busasshen wuri, don haka MDF mai kauri ya wadatar mata, da sharaɗin a rufe duk bakunan allon da zirin robar da ake liƙa masa, a ɗaga ta daga ƙasa a kan ƙafafu don ruwan goge daɓe kada ya taɓa ta, a kuma bar 'yar tazara tsakaninta da bango. Kicin kuwa gidan ruwa ne da wuta. Ƙarƙashin wurin wanke-wanke, inda famfo ba ya rasa ɗiga, ko dai a sa marin, ko kuma, abin da na fi so ga gidajenmu, a gina gindin da bulo a shafe a sa tayil, a bar wa kafinta ƙofofi kawai. Kan kanta inda ake sauke tukunya daga wuta ya fi dacewa da dutse ko tayil, domin gam ɗin da kafintocinmu ke liƙa fomeka da shi yana saki in zafi ya yi yawa, sai ta yi bororo. Madafin da ake hura itace ko gawayi a cikinsa kuwa, wanda har yanzu shi ne na mafi yawan gidajen ƙauyukanmu, a nan ni da Malam bakinmu ɗaya: kada a kai masa fomeka ko kaɗan, kantar siminti ta ishe shi.

Sai maganar gara, wadda a kanta masu tallan fomeka su ma suke faɗin abin da ba haka ba, suna cewa ba ta cin kayansu. Fuskar ce ba ta ci. Ta baya take shiga, ta siririn allon da ke jingine da bango, ta cinye ciki ta bar fuska tana ƙyalli, har ranar da za a jawo durowa ta zube. Katako zalla ma ba ta bar shi ba, in ban da irin su ƙirya da azarar giginya, waɗanda ba da su ake sif ba. Maganinta a gini yake: a yi wa ƙasa da gindin bango magani tun kafin a yi daɓe, kuma kada a kafa kabad a jikin bangon da aka yi wa sabon shafe sai ya bushe sarai. Wannan ya fi zama wajibi a garuruwan da ke kusa da fadamun rake da tumatir na Maƙarfi da Hunkuyi, inda laima ke hawa bango daga tushe ta bar farin gishiri a gindinsa.

Abu guda da na yi mamakin Malam bai kawo ba, alhali da ya ƙarfafa shi, shi ne warin nan mai yaji da ke fita daga sabon allo mai arha har ya sa ido ruwa. Daga gam ɗin da aka haɗa allon yake, sinadarin da ake kira fomaldihaid, wanda hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin abubuwan da ke haddasa cutar ga ɗan Adam tun 2004. Sai dai ko wannan, in aka duba, hujja ce a kan allon, domin rufe shi da fomeka ta kowane gefe yana rage abin da ke fita. Abin da ya rage shi ne a bar tagogi a buɗe kwanaki kafin a tare, musamman ɗakin da jariri zai kwana. Game da launi kuwa, wanda a kansa ake ɓata rabin lokacin ciniki, ra'ayina kawai zan faɗa: fara sol mai sheƙi da baƙa wuluk an yi su ne don ƙasashen da ba su san hunturu ba, a nan kuwa kowane shafin yatsa sai ya fito, ƙurar da aka goge a bushe kuma tana kashe sheƙin. Mai dishi-dishi, mai launin ƙasa ko na itace, ta fi rufa wa uwargida asiri.

Hukuncina dai fomeka halal ce a ciniki, mai amfani ce a ɗaki, abar taka-tsantsan ce a kicin, kuma ƙarar da aka shigar a kanta ba ta tabbata ba. Ina roƙon Malam, tun da Allah ya ba shi alƙalamin da ake saurare, ya sake zama ya rubuta a kan allon da ake ɓoyewa da masu ɓoye shi. In ya yi, ni ne farkon mai goya masa baya. Kai kuma mai karatu da ke shirin gyara, kada ka ba da kafin alƙalami sai an rubuta sunan allo da kaurinsa a takarda a gaban shaidu biyu, ka je shagon da kanka ranar da ake yanka ka ga bakin allon tun ba a rufe shi ba. In kuwa kana da hali, ka sayo allonka da hannunka ka miƙa wa kafinta, domin a mazhabar Imamu Malik mai sana'a yana lamunin abin da aka damƙa masa ya tafi da shi.